Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Likitoci da Ma'aikatan Jinya Kan Masu Lalurar Cin Abinci

Zuwa ga likitocinmu, da ma'aikatan jinya, da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci, da masana abinci mai gina jiki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, domin na san yawan marasa lafiyar da ke layi a ƙofar kowannenku tun kafin rana ta ɗaga. Ni malamar makarantar sakandaren 'yan mata ce, ba likita ba, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a jinyar 'yar wana, da abin da na karanta bayan haka don in fahimci ciwon da ya kusa raba mu da ita. Roƙona a gare ku guda ɗaya ne, ko da yake yana da rassa: ku daina ɗaukar faɗa da kunyatarwa a matsayin magani ga mai lalurar cin abinci, wato ciwon ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ƙin ci ko cin da ba ya iya tsayarwa, ku ɗauki koya mata tausaya wa kanta a matsayin wani sashe na jinyar, kamar yadda kuke ɗaukar ƙarin ruwa da gwajin jini.

Yarinyar tana da shekara 17 lokacin da abin ya fara, kuma mafarinsa wata magana ce da wata dattijuwa ta yar a gidan biki, ta dafa mata ciki tana dariya ta ce wannan teɓar a budurwa sai ka ce mai goyo. Daga nan ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, muka yaba mata. Ta ƙara da wasu ranaku, muka ce yarinya ta kama ibada. Idan an zuba shinkafa a tire an zauna da ƙannenta, sai ta riƙa juya cokali tana tura musu nama, kuma da yake a faranti ɗaya ake ci, babu mai iya cewa ga abin da wance ta ci. Al'adarta ta ɗauke, ba ta faɗa wa kowa ba. An yi mata maganin olsa, an yi na taifot har sau biyu, an yi ruƙiyya, wasu 'yan uwa ma sun fara raɗe-raɗin ko a gwada ta ƙanjamau saboda irin ramar da ta yi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo ne aka kwantar da ita a wani asibiti, ni kuma na zauna jinya.

A daren farko wata ma'aikaciyar jinya ta tarar da shayi da burodin da muka kawo tun magariba ba a taɓa ba. Ta tsaya a gefen gadon ta ce: "Ke yanzu ba ki ji kunya ba? Ga yara can a sashen tamowa iyayensu na kukan abin da za su sa musu a baki, ke an kawo miki kina yanga." Yarinyar ba ta ce uffan ba. Ta jawo kofin ta shanye, ta cinye burodin tas, ma'aikaciyar ta dube ni ta ce kin gani, dama sangarta ce. Can cikin dare na farka ban gan ta a gado ba, na same ta durƙushe a banɗaki ta amayar da komai, jikinta na rawa. Da na kama ta, abin da ta faɗa mini shi ne: "Gwaggo, gaskiya matar nan ta faɗa. Ni ban cancanci gadon nan ba, a ba wa mai ciwon gaske."

Ban riƙe ma'aikaciyar nan a zuciya ba. Ita kaɗai ce a ɗakin da daren, kuma da nufin alheri ta yi maganar, tana ganin kunya za ta farkar da yarinyar kamar yadda take farkar da malalacin ɗalibi. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk kalmar da ta faɗa yarinyar ta riga ta faɗa wa kanta sau ɗari tun safe, da lafazin da ya fi nata kaifi. Faɗa wa irin wannan mara lafiya cewa ta ji kunya ƙara wa Barno dawaki ne, domin kunyar ce ta cika mata ciki har abinci ya rasa wurin zama.

Wannan ciwo ba sabon abu ba ne a littattafanku. Tun 1873 likita William Gull a Landan ya raɗa wa ƙin cin abinci har a ƙanjame sunan anoreksiya, a shekarar da Charles Lasègue ya bayyana irinsa a Faris. A 1979 Gerald Russell ya bayyana bulimiya, wato cin abinci mai yawa a lokaci guda ba tare da iya tsayawa ba, sannan a bi shi da janyo amai ko shan maganin wankin ciki. Nau'i na uku, cin da ba a iya tsayarwa amma ba a bin sa da amai, ya samu karɓuwa a matsayin ciwo mai zaman kansa a 2013 cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da waɗannan lalurori, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara da matasa. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafi kisa, kuma wani babban nazari na 2011 ya nuna cewa cikin duk mutum biyar da suka mutu da ita, kusan ɗaya shi ya kashe kansa. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai, domin yana nuna cewa abin da mara lafiya ke faɗa wa kanta yana iya kai ta kabari kafin yunwar ta kai ta.

Na sha jin ana cewa ciwon Turawa ne, mu nan mace mai jiki ake so. Mutanen tsibirin Fiji ma haka suke, suna yabon cikar jiki, suna ganin rama alamar rashin kulawar dangi. Talabijin ta isa yankin Nadroga a 1995, kuma Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta bincika 'yan matan sakandare a lokacin ba ta samu mai janyo amai don rage jiki ba. Da ta koma a 1998, kusan kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ce a falo, ba wayar da ɗalibaina ke kwana da ita a ƙarƙashin matashi suna kallon TikTok da Instagram ba. Mu kuwa abin ya zo mana ta fuska biyu. A gefe guda ga masu tallar shayin rage teɓa da masu jiƙa filasko, a ɗaya gefen ga amaren da ake ɗirka wa sha-ka-fashe kafin biki, wanda sau da yawa maganin asibiti ne irin deksametazon ko sifroheptadin da ake sha don a yi ƙiba, kuma kun fi ni sanin abin da deksametazon ke yi wa hawan jini da sukari da ƙashi. Wadda aka ce mata sillan kara da wadda aka ce mata buhu darasi ɗaya suka ɗauka, cewa jikinsu abin kunya ne da ya kamata a hukunta.

Akwai wani gwaji da nake so kowace ma'aikaciyar jinya ta sani kafin ta kira mara lafiya mai taurin kai ko mai haɗama. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys na Jami'ar Minesota ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka amince da kansu, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon wata shida, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da ba su da wata matsala da abinci a da suka koma ba su da zance sai na abinci, suna tara littattafan girki, suna lashe faranti, suka zama masu saurin fushi da ƙunci da gudun mutane. Da aka sake musu, wasu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya kuma ba su ji sun ƙoshi ba. Ma'ana, da yawa daga cikin halayen da muke zargin yarinya da su yunwar ce ke haifar da su a ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam. Wadda ta wuni ba ta ci ba, ta zo da dare ta kwashe tukunya a ɓoye, jikinta ne ke ƙwatar kansa. Ita kuwa abin da take gani shi ne ta kasa, ta zama ƙazama marar tarbiyya, don haka gobe sai ta ƙara matse kanta, jibi ta sake faɗawa tukunya. Zargin kai shi ne igiyar da ke juya wannan guga, kuma duk wanda ya ƙara mata zargi ya taya ta ja ne.

A nan ne maganar tausaya wa kai ta shigo. Paul Gilbert, masanin halayyar ɗan Adam a Derby ta Ingila, ya lura cewa akwai marasa lafiyar da za su yarda da kai cewa tunaninsu ba daidai ba ne, su ma iya faɗar tunanin da ya fi dacewa, amma su faɗe shi da muryar tsawa, don haka ba ya sanyaya musu rai. Ya bayyana cewa akwai tsari uku da ke tafiyar da zuciya: na jin barazana, na fafutukar cimma buri, da na natsuwa, irin wadda jariri ke samu a ƙirjin uwarsa. Mai lalurar cin abinci tana kai da kawo ne tsakanin biyun farko, tsoro ya kore ta, burin rage nauyi ya ja ta, na ukun kuwa ya daɗe a kulle. Daga wannan fahimta ya gina hanyar jinya mai dogaro da tausayi, wadda Ken Goss da abokan aikinsa a Coventry suka daidaita ta domin masu lalurar cin abinci. Kristin Neff ta Jami'ar Texas kuma ta fayyace a 2003 cewa tausaya wa kai ya ƙunshi mutum ya yi wa kansa magana mai laushi idan ya kasa, ya tuna cewa kasawa gadon 'yan Adam ce ba shi kaɗai aka ɗora wa ba, ya kuma dubi ɓacin ransa yadda yake ba tare da ya musanta shi ko ya nutse a cikinsa ba.

Na san abin da zai zo wa da yawanku a rai, domin ya zo mini: idan aka ce wa mai cin da ba ta iya tsayawa ta sassauta wa kanta, ai an ba ta lasisi ke nan. Claire Adams da Mark Leary sun gwada wannan a Amurka a 2007. Sun sa ɗalibai mata cin donat, wato fanken Turawa, sannan suka ce wa wasunsu kada su matsa wa kansu, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci. Bayan haka aka ajiye musu alewa a ce su ɗanɗana. Cikin masu takura wa kansu a kan abinci, waɗanda aka yi wa magana mai laushi sun ci alewa kaɗan, waɗanda aka bari da jin laifinsu suka fi ci. Ƙaramin gwaji ne, amma duk malamin da ya taɓa ganin ɗalibar da ta faɗi jarrabawa ɗaya ta yi watsi da sauran darussa zai gane abin da ya nuna.

Sai dai kada ku ɗauka cewa da kun faɗi kalma mai daɗi za a karɓa. Allison Kelly da abokan aikinta a Kanada sun bibiyi marasa lafiyar da ke jinyar wannan lalura a asibiti, suka wallafa a 2013 cewa waɗanda suka shigo da ƙarancin tausayin kai, kuma suna tsoron tausaya wa kansu, su ne ba su nuna wani sauƙi na a zo a gani ba cikin mako 12. Tsoron tausayin kansa wani shinge ne. 'Yar wana ta taɓa ce mini idan ta daina zagin kanta za ta lalace, domin zagin ne kaɗai ke riƙe da ita. Harshenmu ma bai taimaka mata ba. Tsakanin jin ƙai da jin kai lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, son kai aibi ne, wanda kuma aka ce tausayin kansa ya kama shi ana nufin ya karaya. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara da haƙuri, har amarya ba ta cin abinci a gaban surukai, baƙuwa kuma sai ta ce ta ƙoshi ko da hanjinta na kuka. Kyawawan ɗabi'u ne, amma ciwon yana ɓuya a bayansu, kuma yarinyar da kuka ce wa ta ji tausayin kanta za ta iya ji kamar kun ce ta zama marar kunya. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a zagayo mata ta wani wajen. Wata likita da muka samu daga baya ta tambaye ta: "Da ƙanwarki ce ta zo miki da wannan maganar tana kuka, me za ki ce mata?" Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce za ta rungume ta ta ce ba laifinta ba ne. Likitar ta ce to ta rubuta wannan a takarda da sunanta a sama. Sai da ta yi mako biyu kafin ta iya.

Mafi yawan waɗanda za su zo gabanku masu addini ne, kuma addini yana tare da ku a wannan aiki idan kun san inda za ku taɓa. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya ce masa jikinsa yana da hakki a kansa. Alƙur'ani ya ɗauke wa mara lafiya azumin Ramadan zuwa wasu kwanaki, kuma ya faɗa cewa Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Watan azumi lokaci ne mai hatsari ga masu wannan lalura, domin wunin yunwa da cikar faranti a buɗa-baki su ne ainihin zagayen da ciwon ke so, kuma babu mai tambayar wadda ba ta ci ba. Ina roƙonku ku faɗa wa iyaye a fili, a rubuce idan ta kama, cewa wannan yarinya mara lafiya ce da azumi zai cutar, domin malamin unguwa zai ba da fatawa ne a kan abin da likita ya tabbatar, uba kuma ba zai karɓi wannan magana daga bakin gwaggo ba.

Tausayi ba ya nufin a bar ta da yunwa. Dole ta ci, a kan lokaci, ko tana so ko ba ta so, kuma ku ne kuka san hatsarin da ke cikin mayar wa jikin da ya daɗe da yunwa abinci da gaggawa, yadda sinadarin fosfet ke faɗuwa, da yadda yawan amai ke zubar da fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Bambancin yana cikin yadda ake miƙa farantin. Wanda ya ce "na san wannan lomar tana ba ki tsoro, zan zauna har ki gama" ya nemi abu ɗaya da wanda ya ce "ci ko in kira babanki", amma ɗaya ya tsaya tare da ita a kan ciwon, ɗayan ya tsaya tare da ciwon a kanta. Haka wajen awo: kada a ɗora ta a sikeli a tsakiyar baranda a kira lambar da ƙarfi, kada kuma a ce mata "ma sha Allah, kin yi ƙiba" ranar da ta fara murmurewa, domin wannan yabo a kunnenta hukunci ne. Na ga yadda kalmar nan ɗaya daga bakin wata maƙwabciya ta mayar da mu baya da wata guda.

Sannan ku tambaya. Budurwar da ta dawo karo na uku da ciwon ciki da jiri da ɗaukewar al'ada, kuma gwaji bai nuna komai ba, ku fitar da mai rakiyarta waje ku tambaye ta ko tana janyo amai, ko tana jin ci yana fin ƙarfinta, ko tana ganin kanta da ƙiba alhali mutane na cewa ta rame. Tun 1999 likitoci a asibitin St George's na Landan suka tsara tambayoyi biyar irin waɗannan da ba sa cin minti uku, kuma babu abin da zai hana a mayar da su Hausa a manna a bangon ɗakin duba marasa lafiya. Ku dubi bayan yatsunta ko akwai tabon haƙori, ku dubi haƙoran ko sun zaizaye, ku dubi kumburin gefen muƙamuƙi. Kada rama ta zama ita kaɗai ce ma'auni, domin mafi yawan masu bulimiya jikinsu daidai yake a ido, mai jiki da kuke yi wa faɗan ta rage ci tana iya kasancewa ta fi kowa azabtuwa, samari ma suna kamuwa kuma sun fi jin nauyin faɗa.

Ga manyanku da ke koyarwa da masu tsara manhaja ina da magana ta musamman. Littafin jagora na shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ya yi babi a kan ciwon damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, amma bai ware wa lalurar cin abinci babi ba, don haka wanda aka horar da shi kaɗai zai iya gama aikinsa bai taɓa jin sunanta ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Maiduguri da Kware sun yi wa yawancin iyalai nisa, ga tsoron a ce an kai 'yarsu asibitin mahaukata ta rasa mijin aure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta yi maganar mutuncin mara lafiya da kusanto da kulawa ga jama'a. Idan ana son wannan ya tabbata ga irin 'yar wana, sai an sa darasin nan a makarantun koyon jinya da na kiwon lafiya, kuma a koyar da shi da Hausar da za a yi magana da mara lafiya da ita, har da kalmomin da ba a faɗa a bakin gado.

Ku kuma ja iyaye a jiki maimakon ku ɗora musu laifi. Hanyar da aka gina a asibitin Maudsley na Landan don matasa masu anoreksiya ta dogara ne a kan iyaye su karɓi ragamar ciyarwa a gida, ba tare da zargin kansu ko zargin yarinyar ba, kuma gidajenmu masu yawan jama'a suna da hannuwan da za su iya wannan idan an nuna musu yadda ake yi. Matar wana ta yi watanni tana kuka tana cewa ita ta kasa tarbiyya, kuma muddin tana cikin wannan hali, duk zaman cin abinci sai ya ƙare da faɗa. Sai da likitar ta zaunar da ita ita kaɗai ta ce mata ba ita ta jawo ba, sannan ta iya zama kusa da 'yarta da kwanon kunu na tsawon awa guda ba ta ɗaga murya ba.

Yarinyar tana jami'a yanzu. Ba zan ce ta warke sarai ba, domin lokacin jarrabawa da lokacin bukukuwa abin yakan leƙo, amma takan kira ni ta ce "Gwaggo, muryar nan ta dawo", mu yi magana, ta je ta ci abincinta. Takardar da likitar ta sa ta rubuta tana nan a cikin jakarta, ta yi laushi saboda ninkewa. Azumin bara ba ta yi ba, bisa shawarar likita da amincewar mahaifinta, na bana kuma za a duba idan lokacin ya matso.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.
Taku,
Wata malamar makarantar 'yan mata.